Sawun da Aka Bari a Bayan Ofishin Kogi

Da safiyar wata Litinin Darakta Hilario Sotelo ya kira caji ofis, ya ce an yi sata a Hukumar Kula da Kogi. Ni aka tura, don ni ne sajen da ke bakin aiki. Sunana Obdulio Meza, haifaffen Santa Rufina, nan bakin kogin Paraná.

Kafin in isa, rabin gari sun riga ni. Masunta, mata masu tallan burodin rogo, har da tsofaffin da ba su da aikin yi sai zaman dandali, duk sun yi cirko-cirko a ƙofar ofishin, kowa na faɗin albarkacin bakinsa.

"Yarinyar nan ce ta Buenos Aires," in ji wata mata. "Tun da ta zo na ce idonta bai yi mini ba."

"Wace yarinya? Eulogio ne. Mutum ka kore shi daga aikin da ya tsufa a ciki, ka ce zai tafi hannu rabbana?"

An kwashe watanni ana ɗebe bayanan hukumar daga tsofaffin kwamfutocinta ana mayar da su kan na'urorin wani babban kamfani can nesa, inda sai ta intanet ake isa gare su. Gajimare suke kiran wurin. Mutanen gari ba su taɓa yarda da abin ba. Cewa suke yi gajimaren da ke aiko mana da ambaliya duk shekara, shi ne yanzu aka ba ajiyar kogi.

A ɗakin na'urori na sami Darakta da injiniyar da kamfanin ya turo daga Buenos Aires, Ximena Roldán, siririya mai gajeren gashi. Ta nuna mini wani gurbi a kan wata kantar ajiye kaya inda ƙura ba ta kwanta ba.

"Na'urar rediyo ce, Saje. Tsohuwa ce, girmanta kamar ƙaramin akwati, da lasifikarta da abin magana. Ita ke haɗa ofis da masu duba sandar awon ruwa a tsibirai, kuma duk kiran da aka taɓa yi yana ajiye a cikinta."

"Tana da tsada?"

"Ko kyauta ba wanda zai karɓa. Ga sabuwar kwamfutata nan kan tebur, ba a taɓa ta ba."

Darakta ya share gumi. "Yau aka shirya goge ta a zubar. Amma sabuwar hanyar kiran tsibirai ta gajimare ta ƙi aiki, shi ya sa ranar Juma'a da yamma muka ɗage, ni da Injiniya, ba mu kai ga sanar da kowa ba. An tafka ruwa a arewa, Saje. Kogi na tafe. Waya ba ta kamawa a tsibirai. In ba na'urar nan, ba ni da bakin da zan ce wa mutane su kwashe 'ya'yansu da shanunsu."

Na duba ƙofar gaba, na duba ta baya. Ba wadda aka ɓalle. Sai na hana kowa taka bayan ginin, na tafi neman Don Cirilo.

*

Don Cirilo Vallejos mai bin sawu ne. A nan da "Don" muke girmama dattijo, da "Doña" kuma dattijuwa. Tun ina yaro, in aka sace shanu a wata gona, shi 'yan sanda ke ɗauka ya bi sawun ɓarayi har ƙofar gidansu. Yanzu an daina nemansa sosai. Na same shi zaune a gindin bishiyar lemo yana zuƙar mate, shayin ganyen da muke sha a ƙoƙo, karensa kwance a ƙafarsa.

"Obdulio, ɗan Petrona," ya ce. "Ko dai saniyar Sufeto ce ta ɓata?"

"Na'urar rediyo ce, Don Cirilo."

"Tana da kofato?"

"Ba ta da shi. Amma ba da kanta ta fita ba."

Ya miƙo mini ƙoƙon, na zuƙa, na mayar. Sannan ya ɗauki hularsa.

An yi yayyafi ranar Asabar, jar ƙasar bayan ofishin ta yi laushi. Daga bakin kwalta zuwa ƙofar baya akwai siraran layuka na taya, wasu sun shiga, wasu sun fita. Darakta ya ce ai amalanke ce, da ita aka ɗauki kayan. Don Cirilo ya matsa kusa da layukan. Ya tsuguna, ya daɗe yana kallo, ya miƙe yana dafa gwiwa.

"Rana ta yi tsaka, ƙasa ba ta magana yanzu," ya ce mini. "Sai ta karkata. Abin da na gani dai, bayan yayyafin aka zo, kuma da rana. Mai tafiya cikin duhu ba ya kauce wa kashin kare. Mu je mu ji bakin mutane."

*

Mun fara da Nicanor, ɗan gwangwan, wanda aka yi wa alkawarin tsofaffin ƙarafan ofishin. Yana cikin filinsa yana farfasa wata tsohuwar firji.

"Na san za ku zo," ya ce. "Ko kaza aka sace a garin nan sai an leƙo wurina. Saje, mahaukaci ne ni da zan saci abin da za a ba ni kyauta?"

"Ina kake jiya da rana?"

"Inda duk mai hankali yake ranar Lahadi bayan cin abinci. Barci. Tambayi matata, ita ta ce minsharina ya hana ta nata."

Don Cirilo bai tambaye shi komai ba. Amalankensa ya zagaya, ya auna faɗin tayar da tafin hannu, ya shafa wuyan dokin.

"Dokinka na ɗingishi a ƙafar baya, Nicanor. Ka duba kofaton."

A hanya ya ce mini tayar Nicanor ta ninka wadda muka gani sau uku, kuma ba sawun doki a bayan ofishin.

Injiniya Ximena muka samu a masaukinta, ta baje wayoyi a kan tebur tana faman neman yadda za ta ta da sabuwar hanyar. Idanunta sun yi ja. Ta zuba mana kofi.

"Na san abin da ake faɗa," ta ce. "Wai na sayar wa 'yan ƙasar waje sirrin kogi. Yau mai burodi ƙin sayar mini ta yi."

"'Yata, kada ki sa a ranki," in ji Don Cirilo. "Gaya mini, me ya sa ita wannan na'urar ba za ta hau gajimaren ba?"

"Aikinta zai hau. Muryoyin da ke ciki ne ba za su hau ba. An ɗauke su da wani tsohon tsari da ba abin da ke karanta shi sai ita, kamfanin da ya ƙera ta kuma ya daɗe da rufewa. Ba sa cikin kwangila. Doka ta ce a goge duk na'urar gwamnati kafin a zubar."

"Akwai wanda ya nuna damuwa?"

"Don Eulogio. Sau biyu yana roƙona in bar ta yadda take. Na ce masa ba a hannuna abin yake ba. Ya je wurin Darakta, shi ma ya hana."

Na rubuta wannan, raina bai so ba.

*

Eulogio Barrios shi ne mai kula da kwamfutocin hukumar tun ranar da aka kawo ta farko. Ƙarshen wata aikinsa zai ƙare, don gajimare ba ya bukatar mai share masa ƙura. Mun tarar da shi a ƙofar gidansa yana gyaran wata fanka da ba ta lalace ba.

"Kana da makullin baya?" na tambaye shi.

"Ina da shi."

"Ina kake jiya da rana?"

"A gida."

"Wa ya gan ka?"

"Ba kowa. Ka san ni kaɗai ne."

"Don Eulogio, me ya sa ka roƙi a bar na'urar?"

Ya ci gaba da murza ƙusa. "Na saba da ita."

"Ka san Sufeto ya ce in kawo ka in ba a same ta ba kafin magariba?"

"To ka kawo ni mana, Obdulio. Ɗakinku ya fi nawa sanyi."

Don Cirilo ya zauna a kan dakali kusa da shi, ya dubi ƙafafunsa, ya dubi takalman da ke jere a bakin ƙofa.

"Eulogio, ka ji cewa an ɗage gogewar? Sabuwar hanya ba ta aiki. Ruwa na tafe, kuma ba a gaya wa 'yan tsibiri ba."

Sukundireban ya faɗi daga hannunsa.

"Ba ni da abin faɗa," ya ce da ƙyar.

Da muka fito na ce, "Shi ne, Don Cirilo. Ka ga yadda ya firgita."

"Ya firgita. Amma wanda ya tura tayar nan da takalmin igiya ya zo, irin na mutanen ruwa, yana tafiya ƙafa a ware. Eulogio bai taɓa tsayuwa a kwalekwale ba a rayuwarsa. Ya san wani abu, ba shi ya ɗauka ba."

*

Muka gangara bakin kogi. Ruwan ya riga ya canza launi, yana ɗauke da ciyayi da rassan itace. Darakta ya tura jirgin hukumar ya zagaya tsibirai, amma jirgi ɗaya ne, tsibiran kuwa sun bazu har inda ido ba ya kai.

Wani mutumin tsibiri mai suna Zenón yana ɗaure kwalekwalensa. Yana ganin kakina ya hau faɗa.

"Tun asuba nake kira, shiru! Sai da na tuƙo da kaina in ji ko duk kun mutu ne. Wannan shi ne gajimaren naku?"

Na gaya masa abin da ya faru, na ce ya koma ya sanar da maƙwabtansa. Ya tofar da yawu.

"Lokacin Doña Nélida da haka ba ta faru ba. Ko da zazzaɓi take sai ta zo ta zauna gaban rediyo. Kafin ta tambaye ka ruwa sai ta tambaye ka tarin ɗanka. Mu da ba mu ganin kowa sai sauro, muryar nan ce garin gaba ɗaya."

"Ina take yanzu?" in ji Don Cirilo. "Na kwana biyu ban gan ta a coci ba."

"Ciwon mantuwa ya cinye ta. An ce ƙafafun ma sun daina ɗaukarta. Ko mijinta Casiano ba ta ganewa, mutumin da ya bar tsibiri saboda ita. Allah dai ya kyauta."

Ya kwance igiyarsa ya tura. Don Cirilo ya tsaya yana kallon ruwa har kwalekwalen ya ƙanƙance. Sannan ya ɗaga kai ya dubi rana.

"Ta karkata," ya ce.

*

A hasken la'asar ƙasar ta fito da abin da ta ɓoye da safe. Kowane ɗan rami ya sami inuwarsa. Don Cirilo ya bi layukan a hankali daga kwalta, ni ina biye. A gindin wata bishiya, tsakanin titi da ƙofar, ya tsaya cak. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, abin da ban taɓa ganin ya yi a kan sawu ba.

"Obdulio, tara mini su. Darakta, da Injiniya, da Eulogio, da Nicanor. Nan nake son su, ba cikin ofis ba."

Suka zo, suka jeru a jikin bango kamar 'yan makaranta. Mutanen gari suka taru a bakin titi suna leƙe.

"Darakta, ka ce amalanke ce," Don Cirilo ya fara. "Ɓarawo yakan zo da amalanke fayau, ya koma da ita cike. Dubi sawun shiga. Ya nutse kusan kamar na fita. Da kaya aka zo."

"Wane irin ɓarawo ne zai zo da kaya?" in ji Nicanor.

"Kuma ba taya biyu ba ce, huɗu ce. Manya biyu a baya, ƙanana biyu a gaba masu rawa. Can jikin bango, inda yayyafi bai kai ba, akwai tsofaffin sawunta a kan juna. Ta sha zuwa nan. Amma ba wannan ne ya tsayar da ni ba. Ku matso."

Suka matso gindin bishiyar.

"Nan ya tsaya a inuwa. Ya saki abin da yake turawa, ya zagayo ta gaba, ya tsuguna yana fuskantarsa. Ga kan yatsunsa, ga inda gwiwarsa ɗaya ta taɓa ƙasa. Ya daɗe a haka. Na bi sawun ɓarayi iri-iri, ban taɓa ganin wanda ya durƙusa gaban amalanke ba. Mutum ake durƙusa wa. Ko a gyara masa mayafi, ko a share masa baki, ko a lallashe shi."

Eulogio ya jingina da bango, ya rufe fuska da hannu biyu.

"Keken marasa lafiya ne," Injiniya ta ce a hankali.

"Eulogio," in ji Don Cirilo, "ba sai ka ci amanar kowa ba, ƙasa ta riga ta faɗa. Casiano ne da Nélida."

Eulogio ya sauke hannuwansa. Idanunsa sun cika.

"Duk Lahadi yake kawo ta, lokacin da gari ke barcin rana. Da makullinta na lokacin tana aiki yake buɗewa, ba a taɓa karɓa ba. Ni na nuna masa maɓallan da zai danna. In ta zauna gaban na'urar ta ji tsofaffin kiran 'yan tsibiri, sai hankalinta ya dawo, Darakta. Ta gyara zama, ta ɗauki abin magana, ta amsa musu da sunayensu. Na gwada ɗaukar mata muryoyin a waya, ko kallonta ba ta yi ba. Sai na'urar kanta, da ƙugin nan nata da koren haskenta. Ni na gaya masa Litinin za a goge. Ban ce ya ɗauka ba, amma da na ga gurbin na san inda take."

"Me ya sa ba ka gaya mini dalili ba da ka zo roƙo?" Darakta ya daka masa tsawa.

"Casiano ya rantsar da ni. Ba ya son gari ya mai da matarsa abin kallo. Kai kuma ka ce doka doka ce, ban ƙarasa zama ba ka sallame ni."

Darakta ya kau da kai.

*

Na kori masu leƙe, na sallami Nicanor, muka taka mu biyar zuwa gidan Casiano Aquino, can ƙarshen layin masunta. Tun daga ƙofar shinge muka ji ƙugin na'urar da muryar wani namiji cikin shaƙewar rediyo.

Don Casiano ya fito, dogo, ya ranƙwafa, takalmin igiya a ƙafarsa. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan Don Cirilo.

"Da na ji an ɗauko ka na san ba zan kwana da ita ba," ya ce. "Ku shigo. Amma don Allah a hankali, tana bakin aiki."

An ajiye na'urar a kan teburin cin abinci, an shimfiɗa mata ƙyalle mai ado. Doña Nélida na gabanta cikin kekenta, an taje mata farin gashinta, ta riƙe abin magana da hannu biyu. Rabon da in gan ta tun tana da ƙiba. Yanzu duk ta zube, amma bayanta a miƙe yake.

Muryar wani tsoho ta fito daga lasifika tana faɗin inda ruwa ya kai a sandarsa. Na gane shi. Ya rasu tun ina sabon ɗan sanda.

"Na ji ka, Don Braulio," in ji Doña Nélida, muryarta tas. "Ka gaishe da Eusebia. Ka ce mata ta daina wanki da yamma, sanyi zai kama ta."

Sai wata murya ta shigo, ta namiji mai jini a jika, da dariya a cikinta.

"Santa Rufina, Santa Rufina, Casiano ne daga tsibirin ƙasa. Ruwa bai motsa ba. Ni ne dai na kasa zama. Asabar ina nan tafe, ki ajiye mini rawa ɗaya."

Fuskar tsohuwar ta buɗe kamar an kunna fitila. Ta rufe abin maganar da tafin hannu, ta juyo wurin tsohon da ke tsaye kusa da ita.

"Bawan Allah, ka san shi? Ba shi da kunya, kowa na ji yake faɗin haka." Ta yi 'yar dariya. "Yau wace rana ce? Asabar ta yi?"

Don Casiano ya durƙusa gabanta, ya gyara mata mayafin da ya zame.

"Ta kusa, Doña. Yana hanya."

"Ka tabbata?"

"Na gan shi yana kwance kwalekwale."

Injiniya ta fita tsakar gida da sauri. Darakta ya tsaya yana kallon ƙasa.

Ni aka bar wa faɗin maganar. Na ja Don Casiano gefe na gaya masa an ɗage gogewar, sabuwar hanya ba ta aiki, ruwa na tafe, kuma tun safe 'yan tsibiri ke kira ba mai amsawa. Na ga jini ya bar fuskarsa. Mutum ne da ya taɓa kwana a kan rufin ɗaki da ruwa a ƙarƙashinsa.

"Ban sani ba," ya ce. "Wallahi Obdulio ban sani ba. Cewa aka yi ta gama aiki." Ya juya ya dubi matarsa. "Ku ɗauka. Ku bari in fitar da ita tukuna, kada ta ga ana cirewa."

Ya tura keken zuwa tsakar gida yana ce mata an tashi daga aiki. Eulogio ya cire wayoyin, ya rungumi na'urar, ya fita da ita da gudu-gudu.

Kafin rana ta faɗi an mayar da ita gurbinta, Eulogio da kansa ya kira tsibirai ɗaya bayan ɗaya. Ruwan ya zo cikin makon, ya ci gonaki da 'yan dabbobi, bai ci mutum ba. Darakta ya je caji ofis ya janye ƙararsa, ya ce wa Sufeto kuskure ne, wani ma'aikaci ya kai ta gyara bai faɗa ba. Sufeto ya dube ni, na dubi silin.

*

Sai da ruwa ya janye sannan sabuwar hanyar ta kama aiki. Injiniya Ximena ba ta koma Buenos Aires a lokacin da ya kamata ba. Ita da Eulogio suka zauna suna kunna tsofaffin kiran ɗaya bayan ɗaya, suna ɗaukar su da sabuwar na'ura, suna turawa gajimaren, ko da yake ba ya cikin kwangila. Da suka gama aka goge tsohuwar na'urar kamar yadda doka ta ce. Sannan Injiniya ta sa wani ɗan abu a cikin akwatin da ke jawo muryoyin daga can, ta bar masa ƙuginsa da koren haskensa. Darakta ya sa hannu cewa ƙarfe ne na zubarwa, Nicanor kuma ya ɗora shi a amalanke ya kai layin masunta.

Amma abin ya ɗau makonni, ciwon kuwa bai jira ba. Ranar da aka kunna mata, muna tsaye, Doña Nélida ta dubi koren hasken kamar yadda take duban bango. Don Casiano ya sa mata abin magana a hannu, ya zame ya faɗi a cinyarta. Ya sake sa mata. Ya sake faɗuwa. Injiniya ta fara ba shi haƙuri, ya girgiza kai.

"Kin yi abin da za ki iya, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

Eulogio ya bar aiki, ya buɗe ɗan shagon gyaran waya kusa da kasuwa. Don Cirilo ya koma gindin lemonsa. Da na kai masa ɗan abin da Sufeto ya bayar na wahala, ya ce in mayar, wannan sawun da ya san inda zai kai shi da bai bi ba.

Wata Lahadi da rana ina sintiri, gari duk ya yi barci, na bi ta layin masunta. Doña Nélida na kwance cikin kekenta a inuwar mangwaro, baki a buɗe, an rufa mata ƙafafu. Daga tagar ɗakin na ji muryarta ta da, mai ƙarfi, mai zaƙi, don na'urar ta ajiye nata ɓangaren ma.

"Tsibirin ƙasa, tsibirin ƙasa, Santa Rufina ce. Casiano, kana ji na?"

Na leƙa. Yana zaune shi kaɗai gaban teburin, ya juya wa taga baya, abin magana a hannunsa.

"Ina jin ki, Nélida," ya ce. "Yi maganarki."